Kiran Tunau da Ƙwaron Gashin Zabo

Da sunan Allah nake farawa. Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a kasuwar Isa a tambaye ni, har wani ya tare ni a hanyar gona yana son ya ji ko gaskiya ne akwai ƙasar da ake kama kifi a sumbace shi a mayar da shi ruwa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta da ajami kamar yadda na saba, ɗiyata ta juya shi zuwa boko.

Tafiyar ta faɗo a shekarar da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka cikin 'yan kwanaki. Farkon damina ne, mun yi shuka, gero ya fara leƙowa. Ba lokacin da manomi ke barin gida ba ne. Abin da ya fitar da ni kiran Tunau ne.

Tunau Basarke ne, masuncin ƙauyenmu da ke kusa da Turba, ya ɗan girme ni. A shekarar babbar ambaliya, da gulbi ya shigo gari, shi ya tuƙo jirginsa har tsakar gidanmu ya ɗauki tsohuwata, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta iya tafiya. Ya kai ta tudu, ya sake komawa ya kwaso alluna da littattafan da na gada. A kan tudun nan, gaban mutane, na ce masa duk ranar da ya kira ni, ko ina yake a duniya, za ni amsa. Ya yi dariya ya ce mi zai yi da malamin da bai iya iyo ba. Bayan shekaru, da zama ya yi wuya a yankinmu, masunta suka daina kwana a bakin gulbi, sai ya tattara ya tafi Kamaru.

Ina dawowa daga gona ya buga waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Habibu, alkawarin nan yana nan?"

Na ce yana nan.

Ya ce, "To taho. Ka zo mini da gashin zabo cike da jaka, da zaren ɗinkin hula, kada kuma ka manta da tabaranka."

Bai ƙara bayani ba. Ƙanena Sani ya ce shi bai taɓa jin an nemi gashin zabo don alheri ba, wannan kayan 'yan bori ne. Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Amma na ce idan abin da shari'a ta hana ne, za ni faɗa masa ido da ido in juyo, zuwa dai sai na je. Na bar wa Sani noman farko da ɗalibai, na bi gidajen masu zabi na Tozai da na garinmu har jaka ta cika.

Kowa ya san halin hanyar Isa zuwa Shinkafi, ba sai na faɗa ba. Mun jira motoci sun taru, muka shiga daji a jere. Babu mai magana a motarmu sai leɓɓa ke motsi, hatta direba ya kashe rediyo. Sai da muka hango gari wani tsoho ya tuna yana da goro a aljihu, ya fasa ya raba mana.

Daga Kano na shiga babbar mota zuwa Yola, aka zaunar da ni kusa da wata Bayarabiya mai fataucin busasshen kifi, ana ce mata Iya Sikira. Tana ganin tsagar Gobirawa a fuskata ta tafa hannu ta ce Allah ya ba ta bawa a tafiyar nan. Ta janye jakar gashina ta ɗora ƙafafunta a kai. Na ce mata tun kakanni mu ne iyayen gijinsu, in tana son shaida ta duba wa ke zaune kusa da taga. Haka muka yi ta yi har Gombe, inda ta buɗe kwanonta ta ba ni wani tuwo baƙi mai santsi, da miyar da barkononta ya sa na yi hawaye. Ta ce Bagobiri ke nan, sai kurin yaƙi, ga shi barkono ya kayar da shi. Allah ya saka mata da alheri, ita ma Garwa za ta, ita ta riƙe ni har can.

A bakin iyaka wani jandarma, ɗan sandan Kamaru, ya ce in kwance jaka. Na gaya masa a yi a hankali, bai ji Hausata ba, ya fizge bakin igiyar a gaban fanka. Gashin zabo ya tashi ya cika ɗakin, ya sauka a kan takardu da hularsa da kofin shayinsa. Ya tambayi mi za ni yi da shi. Na faɗi gaskiya, na ce ban sani ba. Wannan amsa ta fi ɓata masa rai, don haka aka zaunar da ni a benci. Iya Sikira ce ta kira Tunau da wayarta ta miƙa masa. Da suka yi magana sai na ga ya fashe da dariya, yana kaɗa hannu sama kamar mai korar shanu da bulala. A lokacin ban gane abin da yake kwaikwayo ba. Shi da kansa ya taya ni tsince gashin.

A Garwa na sauka a zauren wani Bahaushe mai sayar da goro. Garin Fulani ne, ɗan Fulatancin da na tsinta wurin makiyayanmu ya yi mini rana. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa mai tauri, ana saƙale shi a hammata a tafi da shi ba ko takarda. Tuwonsu na masara, miyarsu yakuwa da gyaɗa. Ba laifi, sai dai ban ga fura mai kauri irin tamu ba. Daga nan na bi mota zuwa kudu, sa'an nan babur ya shiga da ni cikin duwatsu. Sau da yawa sai mun sauka mun tura, don rafuka sun yanke hanya.

Mun tarar da Tunau tsaye a bakin sansani. Ya taho da fara'a, ya wuce ni, ya kama hannun mai babur da hannu biyu yana cewa, "Malam, ka sha hanya." Da na yi magana sai ya juyo. Nan na ga farin da ya rufe masa baƙin ido, na dama gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan.

Bayan na yi sallar la'asar ya ja ni bukkarsa ya faɗa mini komai. Sansanin na wani Bafillace ne, Alhaji Bakari, mai karɓar baƙi daga ƙasashen Turawa masu zuwa fatsa a gulbin da ke gangarowa daga duwatsu ya faɗa cikin tafkin madatsar ruwa. Aikin Tunau shi ne ya kai baƙo inda kifi yake. Amma fatsarsu ba irin tamu ba ce. Ba su sa tana, ba su sa gara. Gashin tsuntsu suke ɗaurewa a jikin ƙugiya da zare har ya yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, su jefa, kifi ya ruɗu ya hadiya. Tunau ya koyi ɗaurin ya gwane, amma yanzu ko ramin ƙugiya ba ya gani. Ya tuna ni mai ɗinkin hula ne kuma mai fiƙe alƙalami, shi ya sa ya kira ni.

Baƙo ɗaya ya rage a shekarar, wani tsohon Bature da ya yi ta zuwa neman giwan ruwa bai samu ba, ya kuma ce wannan ne zuwansa na ƙarshe. Ruwa ya sauka da wuri, gulbi ya cika ya yi ja kamar kunun dawa. Ƙwarin da Baturen ya zo da su farare ne da rawaya, na ruwan rani mai haske, kifi ba ya ganinsu. Tunau ya ce tun da yake bai taɓa mayar da baƙo hannu banza ba. Idan wannan ya tafi haka, Alhaji zai bincika, zai gane idon, ga samari suna jiran wurinsa. Gida kuma babu gulbin da zai koma wa.

Na gode wa Allah da abin bai zama bori ba. Na ce za ni ɗaura masa, za ni zama idonsa a bakin ruwa. Amma ba za ni yi wa Alhaji ƙarya ba in ya tambaye ni, kuma da baƙo ya tafi sai ya bi ni asibiti a cire yanar nan. Ya ce shi da ya kama kada da hannu ba ya tsoron komai, amma wuƙa a ido, a'a. Na ce to a kira mai babur tun bai yi nisa ba. Sai ya ce a fara kama kifin tukuna.

Washegari muka zauna a inuwa, na sa tabarau. Yana faɗa ina ɗaurawa: a naɗe zare a gindin ƙugiya, a kwantar da dogon gashi ya zama wutsiya, a zagaya gajere ya zama wuya. In na gama sai ya karɓa ya shafa da yatsu ya ce wannan ko kwaɗo ba zai ci ba, in kwance. Ni da nake gyara wa ɗalibai rubutu, ga ni ana mayar mini da aiki. Na haƙura na yi ta sakewa har ya fara cewa da dama-dama.

Sai ya ce saura abu ɗaya. A jan ruwa kifi ba ya ganin launi, inuwa yake gani, don haka ƙwaron ya zama baƙi ƙirin, gashin zabo kuwa yana da ɗigon fari. Na ce wannan mai sauƙi ne, ai ba na tafiya ba tawada. Na fito da 'yar kwalbata na tsoma su ɗaya bayan ɗaya na shanya, suka bushe baƙaƙe wuluk, har na ji daɗin kaina.

A ranar na fara ganin Baturen a bakin aiki. Dogo ne, ya ranƙwafa, yana sanye da wandon roba har ƙirji. Ba ma jin harshen juna sai murmushi, amma in ya ga na shimfiɗa buzu zai tsaya nesa ya yi shiru har in sallame. Sandarsa siririya ce mai lanƙwasa, da wani kwarkwaro na ƙarfe a gindi inda ake naɗe igiya. Abin da ya fara ba ni mamaki, ya ɗauki awartaki ya danne ƙayar ƙugiyar da ke riƙe bakin kifi. Na ce wa Tunau wannan mutum yana son kifi kuwa? Ya ce in zuba ido. Baturen ya shiga ruwa ya dinga kaɗa sandar gaba da baya, igiya tana shawagi a sama da kansa, sa'an nan ya sake ta ta kwanta a kan ruwa a hankali. Sai na tuna jandarma.

Jifa kaɗan ya yi ya janyo ƙwaron ya ɗaga yana dubawa. Gashin ya koma yadda zabo ya haife shi, da ɗigonsa fari tas. Tunau ya tambaye ni mi ya faru, na faɗa masa. Ya ce, "Malam, da wace tawada ka rina?" Na ce da ta allo. Ya zauna a kan dutse yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce tun yana yaro yake shan rubutu, bai taɓa jin wanda ya ƙi wankuwa ba. Gaskiyarsa. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, don a wanke ta aka yi ta. Hannuna ya tafi ga abin da ya saba, hankalina bai bi shi ba. Ranar ta tafi a banza, kwanakin baƙo kuma suna ƙarewa.

Ban ci abincin rana da daɗi ba. Amma na san akwai wata tawadar, wadda mahaifina ke dafawa in zai rubuta littafi a takarda, irin wadda dukawa ke baƙanta fata da ita. Na tambayi matan wata rugar Fulani da ke kusa, suka ba ni bagaruwa cikin ƙoƙo. Na bi bayan ɗakin girki na tsinci tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa da guntun fartanya. Na daka bagaruwar, na haɗa a tukunya na dafa har ruwan ya yi baƙi, na zuba gashin ya kwana a ciki. Da safe na wanke shi, na murza, na sake wankewa. Bai saki ba, sai na ɗaura sababbin ƙwari da shi. Yatsuna ma sai da na dawo gida suka koma daidai.

Ranar ƙarshe ruwa ya ƙara hawa. Tunau ya ce a bar cikin duwatsu, a gangara inda gulbi ke shiga tafki. Ya tsaya ya karkata kai yana sauraro, ya tambaye ni ina jan ruwa ya ƙare, ina mai duhu ya fara. Na ce daidai wani dutse mai kama da turmi. Ya ce nan giwan ruwa ke fakewa yana jiran abin da ambaliya ta kawo. Ya sa Baturen ya tsaya sama da wurin. Ni aikina in dubi gulbi, in na hango itace ya taho in yi magana. Kafin Tunau ya shiga ruwa na ɗaura masa igiya a ƙugu na naɗe ɗaya bakin a jikin bishiya. Ya ce Basarke da igiya kamar akuya, in mutanen gida suka ji ya shiga uku. Na ce ba za ni kwance ba.

Rana ta yi sama ba abin da ya taɓa. Baturen ya gaji, ya fara duban agogo. Tunau ya nuna masa da hannu ya bar ƙwaron ya nutse sosai kafin ya ja. Ya jefa, ya jira, ya ja kaɗan. Sai sandar ta lanƙwashe kamar baka, kwarkwaro ya kama kuka.

An daɗe ana fama. Kifin ya nufi tafki, ya dawo, ya yi tsalle sau ɗaya na ga farin cikinsa, tsawonsa ya kai na mutum daga ƙafa zuwa ƙirji. Baturen bai saki sandar ba. Da ya janyo shi kusa, ya rage Tunau ya shiga ya kama leɓensa, shi kuwa ba ya ganin igiyar fatsar, in ya taɓa ta ba daidai ba ta tsinke. Na sauka har ruwa ya kai mini gwiwa, ni da ban taɓa yarda da gulbi ba, na riƙe igiyar ƙugunsa ina faɗa masa: dama kaɗan, tsaya, ga kansa gaban gwiwarka ta hagu. Wani reshe ya taho na ce ya sunkuya, ya wuce ta kansa. Santsi ya kwashe shi sau ɗaya, igiya ta ci mini tafin hannu, ban saki ba. Ya miƙe, ya laluba, ya cusa hannu. Na ji ya ce, "Alhamdu lillahi, na riƙe shi."

Ni kuwa har na fara rabo a zuciyata. A garinmu kifin farkon cikar gulbi ba a cin sa a gida ɗaya, sai an kai wa liman, an kai wa maƙwabta da gidan da aka yi haihuwa. Na ɗauko wani kulki na miƙa wa Tunau don ya buge kansa. Baturen ya ɗaga hannu biyu, fuskarsa ta ɓaci kamar na ɗaga wa ɗansa sanda. Ya durƙusa cikin ruwa, ya zare ƙugiyar, ta fita ba wuya tun da ba ƙaya. Ya rungume kifin, aka ɗauki hoto, ya sa baki a goshinsa. Sa'an nan ya riƙe shi yana fuskantar igiyar ruwa har ya farfaɗo, ya buɗe hannu, kifin ya tafi.

Na ce wa Tunau mutum ya ƙetare teku don wannan? Ya ce shi ma shekararsa ta farko sai da ya yi kamar ya yi kuka, amma da ana cinye su da tuni sansanin ya rufe. Har yau ban gama yanke hukunci a kan al'adar nan ba. Abin da na gani dai, tsohon ya zauna a kan dutse yana share ido, ya roƙe ni da alamar hannu in bar masa ƙwaron. Da dare kuma muka ci wake da shinkafa.

Da baƙon ya tafi, Alhaji Bakari ya kira mu shan shayi. Bai tambaye ni komai ba. Tunau ne da kansa ya ajiye kofi ya ce, "Alhaji, idona ya tafi. Ƙwarin nan Malam ya ɗaura, kifin nan ma shi ke faɗa mini inda yake har na kama shi." Alhaji ya ce ya daɗe da lura, tun ranar da ya ga yana zuba shayi a gefen kofi, yana jira ne ya ji daga bakinsa. Ya ce da Tunau ya ci gaba da ɓoyewa da ya sallame shi, don ba a wasa da ran baƙo a ruwa. Ya juyo gare ni, ya kira ni malam da Fulatanci, ya ce, "Modibbo, kai shi a gyara. In ya gani, wurinsa na nan bayan damina."

Dawowa ta fi zuwa wuya, don ina riƙe da hannun mutum a kowace tasha, shi kuma kullum yana da sabon dalilin da zai sa a fasa. A Yola ya ce mu gwada tozali tukuna. A Bauchi ya ce ya ji kamar idon ya fara washewa. Na nuna masa tirela na tambaye shi mene ne, ya ce masallaci.

A wani asibitin ido a Kano aka yi masa aiki a na dama. Na zauna da shi, ina kai shi alwala, ina ba shi abinci a hannu. Ranar da aka cire auduga ya yi ta ƙifta ido, ya dubi taga, ya dube ni ya ce ashe na yi furfura haka. Ya laluba aljihu ya fito da ɗaya daga cikin ƙwarin da na ɗaura, ya kawo shi kusa da fuska ya juya shi gaba da baya.

Ya ce, "Malam, wanga ne giwan ruwa ya ci?"

Na ce ɗan'uwansa ne.

Ya ce, "To shi ma yana da yana a ido."

Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta ce kada ya motsa kai. Da ya natsu ya kama hannuna, wanda bagaruwa ta baƙanta, igiya kuma ta bar wa tabo, ya dube shi da kyau. Ya ce, "Maganar da ka yi a kan tudu, na kira ka amsa. Na sauke maka ita."

Na ce saura ido ɗaya, kuma likita ya ba mu rana bayan Sallah.

Ya ce wannan ba ya cikin alkawari. Na ce na sani, za ni zo in ɗauke shi duk da haka.